Kanwa kaɗai ba ta isa ba: Darasin da masu kiwo a Wurno za su ɗauka daga binciken abincin 'ya'yan aladu

Da wuya a samu wata dabba da masana suka bi diddigin abincin 'ya'yanta kamar alade. Sama da shekara 70 ke nan jami'o'i da cibiyoyin bincike a Turai da Amurka suna auna abin da ɗan alade yake buƙata tun daga ranar haihuwa har zuwa bayan yaye. A yau manomin da ke can ya san ko miligiram nawa na sinadarin ayon ko zinki ko jan ƙarfe ya kamata ya shiga kowane kilo na abincin da zai zuba wa dabbarsa.

A Wurno ta ƙaramar hukumar Birnin Kudu, da sauran garuruwan yankin irin su Kantoga da Sundimina, har zuwa Sara da Basirka a ƙasar Gwaram, kiwon alade ba sana'ar jama'a ba ce, domin akasarinsu Musulmi ne. Abin da ke turke a gidaje shi ne awaki da tumaki da shanun huɗa. 'Ya'yan waɗannan dabbobi suna tashi ne a kan nonon uwa da dusa da harawa da 'yar kanwa, duk bisa ƙiyasi. Idan ɗan akuya ya ƙi girma, gashinsa ya tashi, ya riƙa lasar ƙasa, ko ya mutu a wata na biyu, yawanci sai a ce kwanansa ne ya ƙare, ko a sayo allurar da mai shagon magani ya nuna.

Akwai abin da Jihar Jigawa ya kamata ta ɗauko daga wancan bincike, wato tsarin da aka bi: a auna abin da ya yi ƙaranci kafin a ƙara shi, a kuma san iyakar da in an wuce ta magani zai koma guba. Alkaluman da aka samu a jikin alade ba za su yi wa rago aiki ba, wasunsu ma kashe shi za su yi. Tsarin ne ya kamata a kawo Wurno, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin jiha ba.

Abin da aka gano a jikin ɗan alade

Ma'adanan da jikin dabba yake buƙata kashi biyu ne. Akwai waɗanda ake buƙata da ɗan yawa, kamar gishiri da kalsiyom da fosfaras. Akwai kuma ƙananan ma'adanai, waɗanda ake buƙata kaɗan-kaɗan, irin su ayon da zinki da jan ƙarfe da aidin da seleniyom da kobalt da manganis. Domin mai karatu ya gane ƙanƙantarsu, zinkin da ake buƙata a buhun abincin ɗan alade mai kilo 25 bai wuce giram biyu da rabi ba. Amma idan babu shi, sauran abin da ke cikin buhun ba zai yi amfanin da ake nema ba.

Misali mafi sauƙi shi ne ayon, sinadarin da jiki yake haɗa jini da shi. Ana haihuwar ɗan alade da kimanin miligiram 50 na ayon a jikinsa. Saboda saurin girmansa yana buƙatar kusan miligiram 7 a kowace rana, alhali nonon uwarsa kusan miligiram 1 kawai yake ba shi. Wanda yake yawo a waje yana cike giɓin ne ta hanyar tonon ƙasa. Da aka koma killace su a ɗakunan siminti, sai ƙarancin jini ya riƙa kashe su a makonnin farko. Wannan ne ya sa a yau ake yi musu allurar ayon ta miligiram 100 zuwa 200 a cikin kwanaki ukun farko. Canjin wurin kwana kaɗai ya haifar da cutar, aune-aune kuma suka gano dalilinta.

Labarin zinki ya fi wannan nisa. A shekarar 1955 wasu masana biyu a jihar Alabama ta Amurka, Tucker da Salmon, suka nuna cewa wata cutar fata da ke sa jikin aladu ya yi kirci ya tsattsage, su daina girma, rashin zinki ne yake kawo ta. 'Yan shekaru bayan haka, a 1961, wani likita ɗan asalin Indiya mai suna Ananda Prasad ya ba da bayanin wasu samari a Iran waɗanda girmansu ya tsaya cak, ya kuma yi zargin rashin zinki ne, abin da aikinsa a Masar ya tabbatar a 1963. Sanin da aka riga aka samu a jikin dabbobi yana cikin abubuwan da suka haska masa hanya.

A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF suka ba da shawarar a riƙa bai wa yaro mai gudawa ƙwayar zinki ta miligiram 20 a kullum na kwana 10 zuwa 14, tare da ruwan gishiri da sukari, jariri ɗan ƙasa da wata shida kuma rabin haka. Uwar da aka ba ta wannan ƙwaya a asibitin Birnin Kudu ko a ɗakin shan magani na ƙauye tana cin moriyar wani ilmi ne da binciken dabbobi, har da na aladu, ya taimaka wajen kafa shi.

Inda aka wuce gona da iri

Rabin darasin ke nan. Ɗaya rabin shi ne abin da ya faru da aka ɗanɗana riba. Wani masani a Ingila mai suna Braude ya lura aladu suna lasar duk wani abin jan ƙarfe da ke ɗakinsu, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya a shekarun 1950 suka nuna cewa idan aka zuba jan ƙarfe har miligiram 250 a kilo na abinci, ninkin ba ninkin abin da jiki yake buƙata, 'ya'yan aladu suna ƙara saurin girma. Daga ƙarshen shekarun 1980 kuma, musamman a Denmak, aka gano cewa zuba zinki har miligiram 2,500 a kilo na tsawon mako biyu bayan yaye yana hana zawon da ke kama su a wannan lokaci.

Manoma suka rungumi hanyoyin biyu. Sai dai mafi yawan zinki da jan ƙarfen da dabbar ta ci ba ya zama a jikinta, fita yake yi ta kashi. Kashin ya zama taki, takin ya tafi gona, sinadaran suka riƙa taruwa a ƙasa shekara da shekaru. Bugu da ƙari, bincike ya nuna cewa yawan zinki yana taimaka wa wasu ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani su yi ƙarfi. A 2017 Tarayyar Turai ta yanke shawarar janye wannan amfani da zinki a matsayin magani, ta ba da wa'adin shekara biyar, haramcin ya fara aiki a watan Yunin 2022. Yanzu iyakar da aka yarda a abincin ɗan alade a can ita ce miligiram 150 a kilo. An kuma rage iyakar jan ƙarfe.

Wannan ya shafi mai kiwo a kudancin Jigawa kai-tsaye, domin kasuwannin Arewa sun cika da kayan ƙarin abinci: dutsen lasa, da garin da ake haɗawa a dusa, da ruwan kwalba da ake cewa yana sa ƙiba, da allurai kala-kala. Mai saye yakan ɗauka cewa tunda ba maganin cuta ba ne, yawansa ba ya cutarwa. Turai ta shafe shekaru kusan talatin kafin ta gyara nata kuskuren, kuma tana da dakunan gwaje-gwaje a ko'ina. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Rago ba alade ba ne

Alade tumbi ɗaya gare shi, kamar mutum da kaza. Akuya da tunkiya da saniya kuwa dabbobi ne masu tuƙa, cikinsu kashi huɗu ne, kuma a babban tumbin akwai ƙananan halittu da ke narka ciyawa. Wannan bambanci yana sauya lissafin ma'adanai gaba ɗaya.

Jan ƙarfe shi ne babban misali. Tunkiya tana tara shi a hanta, ba ta iya fitar da shi da sauƙi. Ana iya yin watanni ba a ga komai ba, rana ɗaya bayan wata wahala kamar doguwar tafiya a mota sai hantar ta sake shi cikin jini, idon dabbar ya yi launin shawara, fitsarinta ya yi duhu, ta mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade miligiram 15 a kilo ga tumaki, wato ma'aunin 250 da aka taɓa bai wa 'ya'yan aladu ya ninka wannan fiye da sau 16. Shi ya sa bai wa rago abin lasar da aka haɗa domin shanu, ko ragowar abincin kaji, ko kashin kaji, yake da haɗari. A ɗaya ɓangaren kuma, idan tunkiya mai ciki ta rasa jan ƙarfe, takan haifi ɗa mai tangaɗi wanda ƙafafunsa na baya ba sa ɗaukarsa. Tsakanin ƙaranci da guba tazarar kaɗan ce, kuma yawan wasu sinadarai a ciyawa ko ruwa, kamar farar wuta, yana rage abin da jiki yake iya sha.

Kobalt kuma nasa labarin daban ne. A Ostireliya an daɗe ana ganin tumaki da shanu suna ramewa har su mutu a tsakiyar koren ciyawa, sai a 1935 aka gano rashin kobalt ne a ƙasar wuraren. Ƙananan halittun tumbi da shi suke haɗa bitamin B12. Alade ba ya yin haka, shi bitamin ɗin ake ba shi a haɗe, saboda haka wanda ya kwafi tsarin abincinsa zai manta da kobalt ɗungurungum. Seleniyom kuwa an san shi da guba ne kafin 1957, lokacin da aka tabbatar jiki yana buƙatarsa, daga baya aka ga rashinsa ne yake sa tsokar 'ya'yan tumaki ta lalace su kasa tsayawa. Abin da ake sakawa a tan guda na abinci bai kai rabin giram ba. Babu mai iya gauraya wannan daidai da shebur a tsakar gida. Aidin ma haka: rashinsa a jikin uwa yana sa a haifi ɗan akuya da maƙoƙo, ko ba gashi, ko a mace.

Akwai littattafan ma'auni na Amurka, na aladu wanda bugunsa na 11 ya fito a 2012, da na awaki da tumaki na 2007. Suna da amfani, amma an gina su ne a kan irin dabbobin can da ciyawar can. Ba su san 'yar jar akuya ba, ba su san Yankasa da Uda da Balami ba, kuma ba su san watan da harawa take ƙarewa a Wurno ba.

Kanwa, dusa da ƙasar kudancin Jigawa

Makiyayan wannan ƙasa ba baƙin maganar ma'adanai ba ne. Zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, shaida ne cewa kiwo ya daɗe a yankin. Tun kafin a san sunan zinki ake bai wa dabba kanwa da mangul da kantun gishirin Balma da ayarin raƙuma suke saukowa da shi. Har gobe makiyayan Nijar suna kai garkensu yankin Ingal a ƙarshen damina domin su sha ruwan gishiri su lashi ƙasar wurin. Wannan ilmi ne na gaske, kuma duk binciken da zai raina shi ba zai karɓu ba.

Sai dai kanwa tana da iyaka. Mafi yawan abin da ke cikinta dangin gishiri ne. Tana sa dabba ta sha ruwa, tana buɗe mata ciki, tana rage tsamin tumbi, amma ba abin dogaro ba ce wajen samun fosfaras ko zinki ko jan ƙarfe ko seleniyom. Kuma abin da ke cikinta yana bambanta daga wannan tafki zuwa wancan: jar kanwa daban, farar kanwa daban, ungurnu daban. Mai ba da kanwa ya toshe ƙofa ɗaya ne daga cikin ƙofofi da yawa.

Dusa ma tana da nata. Tana da fosfaras da yawa, kalsiyom kaɗan, alhali abin da ake so shi ne kalsiyom ya kai ninki biyu na fosfaras. Ragon da aka ɗaure domin Babbar Sallah aka cika shi da dusa, ba isasshiyar harawa, ba wadataccen ruwa, yana iya samun tsakuwa ta toshe masa hanyar fitsari. Masu kiwon turke da yawa sun san wannan asara, ko da ba su san daga kwanon dusa ta fito ba. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyom, su ne suke daidaita lissafin.

Ita kanta ƙasar ba iri ɗaya ba ce. Kudancin Jigawa, wato Birnin Kudu da Gwaram da Dutse, yana kan tsohon dutse ne, shi ya sa ake ganin tsaunuka har zuwa Fagam. Arewa maso gabashin jihar kuwa rairayi ne na kwarin Tafkin Chadi. Abin da ke cikin ƙasa shi yake hawa cikin ciyawa da kara, daga nan ya shiga nono. Wani babban bincike da aka wallafa a 2021 a kan hatsin Habasha da Malawi ya nuna cewa yawan zinki da seleniyom a ƙwayar hatsi yana sauyawa daga gunduma zuwa gunduma a cikin ƙasa ɗaya. Babu dalilin da zai sa a ɗauka cewa buƙatar ɗan akuyar Wurno daidai take da ta na Maigatari ko Guri. Hatta a gari ɗaya, ciyawar fadama da ta tudu ba ɗaya ba ce, haka nan ta Agusta da busasshen karan Afrilu.

Masu ja da wannan magana

Wasu za su ce ambaton alade ma bai dace ba a zancen kiwon Musulmi. Abin da addini ya haramta a fili yake, kuma ba a nemi kowa ya ci ko ya kiwata ba. Karanta sakamakon bincike abu ne daban. Ɗalibin likitan dabbobi a Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri yana karanta jikin kowace dabba kafin ya samu shaidarsa. Cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, NAPRI, da ke Shika kusa da Zariya, wadda ta samar da kazar Shika Brown, tana da tashar binciken aladu a Otukpo ta Jihar Binuwai. Kuma a cikin masu jin Hausa akwai dubban iyalai a kudancin Kaduna da Filato da wasu wurare waɗanda wannan kiwo ne abincinsu, kamar yadda kasuwar aladu ta Kafanchan take nunawa. Su binciken ya shafe su kai-tsaye, har da gargaɗin da ke cikinsa game da yawan zinki da jan ƙarfe.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Masu ita suna cewa abin da ke kashe 'ya'yan awaki a ƙauye shi ne yunwar bazara da tsutsar ciki da annobar mura da zawo da ake kira PPR, saboda haka maganar miligiram gata ne na wanda ya ƙoshi. Gaskiya ne. Dabbar da ba ta ƙoshi ba, babu dutsen lasar da zai raya ta, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Rigakafin PPR, cutar da duniya ta ɗauki alƙawarin kawar da ita nan da 2030, ya fi kowane garin ma'adanai gaggawa. Amma abubuwan a sarƙe suke. Zinki da jan ƙarfe da seleniyom suna cikin abubuwan da garkuwar jiki take aiki da su, tsutsar da ke shan jini kuma ita take jawo ƙarancin ayon. Akwai ma wani dalili: alamomin rashin kobalt da na tsutsar ciki da na yunwa kusan iri ɗaya ne a ido, rama da rashin kuzari da gashi a tashe. Ba tare da gwaji ba, mai kiwo zai yi ta sayen maganin abin da ba shi ne yake damun dabbarsa ba.

Hujja ta uku ita ce tsoron cewa wannan magana za ta zama talla ga 'yan kasuwa. Tsoron yana kan hanya, kuma shi ne dalilin da ya sa awo ya kamata ya riga saye. Bincike na gaskiya yana iya nuna cewa a wani yanki gishiri mai aidin da harawa sun wadatar, ba a buƙatar komai na kwalba. Irin wannan sakamako kuɗi zai bar wa talaka a aljihu.

Aikin da ke gaban Jigawa

Wanda abin ya fi shafa ita ce matar da ke da awaki biyu ko uku. A gidajen karkara akuya ita ce asusun mace: da ita ake sayen magani, a yi kayan ɗakin 'ya, a fita kunyar biki. Gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar ta gane haka lokacin da ta raba wa mata awaki a matsayin jari. Ribar irin wannan shiri gaba ɗaya tana kan abu ɗaya, wato ko 'ya'yan da aka haifa za su rayu har su kai kasuwa. Raba uwa ba tare da kula da abin da zai raya ɗanta ba rabin aiki ne.

Abu na farko shi ne awo. A ɗebi ƙasa da ciyawa da harawa da ruwan sha da jinin 'ya'yan dabbobi da iyayensu a zaɓaɓɓun garuruwa na Birnin Kudu da Gwaram, sau biyu a shekara, a ƙarshen damina da kuma tsakiyar bazara. A haɗa da ɗan yankin hanta daga mayanka, domin a hanta ake ganin gaskiyar jan ƙarfe. A auna kanwa da mangul da duwatsun lasar da ake sayarwa a kasuwar Sara da ta Birnin Kudu. Jami'ar Tarayya ta Dutse tana da tsangayar aikin gona, akwai Kwalejin Binyaminu Usman a Haɗejiya, ga NAPRI a Shika, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ta haura shekara 100. Yankin ba baƙon irin wannan aiki ba ne: tun a 1968 masana a Samaru suka wallafa nazari a kan bayanan shanun Bunaji da aka tattara a gonar gwamnati ta Birnin Kudu.

Na biyu shi ne gwaji a gidajen mutane. An sha yin nazarce-nazarce a jami'o'in Arewa a kan ciyawa da jinin dabbobi, amma yawancinsu ƙanana ne, da Turanci, kuma a mujallu suka tsaya. Abin da zai gamsar da mai kiwo shi ne ya ga garke biyu a unguwarsu, duka an yi musu rigakafi da maganin tsutsa, ɗaya an ƙara masa haɗin ma'adanai ɗaya ba a ƙara ba, a riƙa ɗora 'ya'yan a sikeli kowane wata, a ƙirga waɗanda suka mutu da waɗanda suka kai yaye, sannan a faɗi sakamakon ko da bai yi wa masu binciken daɗi ba. Da irin wannan gwaji mai sauƙi aka gina duk ilmin abincin aladu.

Na uku shi ne doka. NAFDAC da Cibiyar Masana Kimiyyar Dabbobi ta Najeriya, wadda aka kafa da dokar 2007, su ne ke da hurumin sa ido a kan abincin dabbobi. Ya kamata kowane dutsen lasa da kowane ƙullin gari ya nuna abin da ke cikinsa da yawansa, ya kuma faɗa da Hausa, da boko da ajami, ko na shanu ne ko na tumaki, da hoton dabbar a jiki domin wanda bai yi karatu ba. Idan an gano haɗin da ya dace da yankin, a yi shi a ƙananan ƙulli daidai kuɗin mai akuya uku, a kuma bayyana shi ta rediyo da bakin malaman gona na JARDA.

Kafin wannan ya tabbata, akwai abin da mai kiwo zai iya yi da kansa. Ya tabbatar jariri ya sha daƙashi a sa'o'in farko. Ya fifita uwa mai ciki a makonni shidan ƙarshe da mai shayarwa wajen rabon harawa, domin a lokacin ne ɗan yake tara abin da zai fara rayuwa da shi. Ya ajiye gishiri mai aidin inda dabba za ta lasa da kanta. Kada ya ba tumaki abincin kaji ko abin lasar da bai san na wace dabba ba ne, kuma kada ya haɗa kayan ƙari biyu ko uku a lokaci guda. Allurar seleniyom ko ta jan ƙarfe kuwa sai da likitan dabbobi.

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya, kuma ana ta maganar sabbin irin shanu da manyan wuraren kiwo. Jiha mai kasuwar dabbobi irin ta Maigatari tana da haƙƙin ta nemi kasonta. Amma saniyar da aka inganta irinta ta fi ta gida buƙatar ma'adanai, domin ta fi ta girma da yawan nono, kamar yadda killace aladu ya tono matsalar ayon da ba a san da ita ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwamnatin Malam Umar Namadi da 'yan majalisar da ke wakiltar Birnin Kudu da Gwaram za su iya sanya wannan awo a kasafin kuɗi mai zuwa, a ɗebi samfurin farko a ƙarshen damina, na biyu a bazara, ta yadda cikin shekara biyu malamin gona zai iya shiga Wurno da takarda ɗaya da ke faɗin abin da ya yi ƙaranci a ƙasarsu, da abin da za a ba dabba, da ma'aunin da ba za a wuce ba.